Motar da Malam Ya Koya wa Shan Sibirto

Shin Malam ya san abin da yake ɗura wa motar nan zai kashe ta, ko da gaske ya yarda da mutumin da ya gani a waya? Na yi takaba na fita, an yi aikin hajji sau biyu a bayansa, har yau ban samu amsa ba. In na ce bai sani ba, na mayar da mijina wawa, alhali ba wawa ba ne sai in an zo maganar mota. In na ce ya sani, kukana ya dawo sabo. Ɗiyar ƙanwata da ke rubuta mini wannan ta ce in tsagaita, ba ta jin abin da nake faɗa. Ta yi haƙuri. Ita aka koya wa biro, ni kuka na iya.

Mun zo Jidda aikin hajji ne tun muna da baƙin gashi, sai muka manta hanyar filin jirgi, kamar yadda mutanenmu da yawa suka manta. Shi daga baya Allah ya taimake shi ya samu iƙama, takardar zama, a hannun wani kafili, Balaraben da ya tsaya masa, a Abhur, yana tuƙa matan gidan. Ni takardata fuskata ce. Allah bai bar mana ɗa ba. Shekara da shekaru ina zaune a gefen titi a Bab Makka da tirena na silba: soyayyiyar gyaɗa, aya, goro, yaji a ƙulle a leda. Sana'a ce mai sauƙi. Ido ɗaya a kan mai saye, ɗaya a kan motar baladiyya masu kwashe kayan talla. Da an ce ga su nan, sai ki ga tsofaffi masu ciwon baya sun warke nan take.

Da aka bar mata su yi tuƙi a ƙasar nan, 'ya'yan kafilin suka karɓi makullai. Mutumin yana da kirki, bai kori Malam da hannu wofi ba. Ya bar masa tsohuwar motar gidan, fara, wadda ta riga ta aurar da 'yan mata uku. Takardunta da sunan kafili, wahalarta da sunanmu. Malam ya fara ɗaukar ma'aikata daga Khumra, inda muke zaune a bayan rumbunan ajiya, zuwa cikin gari. Ba a yarda baƙo ya yi wannan aikin ba, don haka duk wanda ya shiga motar sai ya zama ɗan'uwansa. Ban taɓa ganin mutum mai dangi a Bangaladash kamar mijina ba.

A shekarar ne na faɗi. Baladiyya suka zo, na tashi da tire a ka, takalmina ya shiga ramin kwata, gwiwata ta ce ƙas. Tattabarun Bab Makka suka yi walima da gyaɗata. Malam ne ya zo ya ɗauke ni. Ya kwantar da ni a gida, sannan ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai huɗuba.

“Muddin ina numfashi, motar nan kuma tana numfashi, ba ki ƙara zaman titi ba.”

Na ce, “Ka bar motar daga cikin rantsuwar, Malam. Ta girme ni a wahala.”

“Na faɗa, halas, magana ta ƙare.”

Da na fara takawa na nemi tirena, babu shi. Na duba ƙarƙashin gado, saman kabad, bayan buhun shinkafa. Ya ce ɓarayin Jidda sun lalace. Ɓarawo dai ya shigo ɗakinmu, ya tsallake rediyo da fanka, ya ɗauki tiren da ya lotse a gefe biyu. Na ce Allah ya shirya shi, ina kallon ɓarawon yana shan shayi.

Na zauna a gida, kuma ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Ƙafafuna suka daina kumbura. Na san yadda hantsi yake a cikin ɗaki. Amma fetur ya daina zama ruwan banza a ƙasar fetur, sannan korona ta zo ta kulle kowa. Da aka buɗe gari, rabin dangin Malam sun koma ƙasashensu. Yakan dawo da yamma ya ajiye makulli a hankali, kamar kar ya tashi wani daga barci. Ni na san ma'anar wannan ajiyewar.

Sai Allah ya haɗa shi da abu biyu a mako ɗaya, kuma ko ɗaya daga ciki da ya zo shi kaɗai da ba a yi ɓarna ba. Na farko, wani mutum a waya, mai farin haƙori, yana tsaye a gonar rake a Barazil, ƙasar 'yan ƙwallo, yana cewa motocinsu ruwan rake suke sha, wanda aka dafa ya zama sibirto. Na biyu, abokinsa mutumin Nijar, mai gadin wani rumbun ajiya. Masu rumbun sun tara durom-durom na sibirto lokacin annoba don haɗa maganin goge hannu. Da mutane suka gaji da tsabta, kasuwar ta mutu, aka ce wa mai gadi ya san yadda zai yi da ragowar, ana son wurin.

Malam ya shigo da rana tsaka, fuskarsa tana haske kamar an yi masa albishir da kujerar Makka, shi da ke ganin hanyar Makka kullum.

“Hajiya, kin san me mutanen Barazil suke zuba wa mota?”

“Ban sani ba. Ka wanke hannu, ga tuwo.”

“Abin wanke hannun suke zubawa.”

Ya juyo mini da wayar. Na kalli mutumin, na kalli raken. Na ce, “Wannan motar tasa jikar tamu ce.”

“Inji inji ne. Wuta yake so. Sibirto kuwa in kika kusanta masa ashana, me yake yi?”

“Yana cin gida.”

“To kin gani. Ilimi ke nan.”

A cikin me zai ɗauko? Gidanmu, kamar kowane gidan Bahaushe a Jidda, ba ya rasa tsofaffin jarkokin zamzam. Ya kwashe su tas. Na ce ya ji tsoron Allah, abin da ya ɗauki ruwan zamzam ba zai ɗauki ƙanin giya ba. Ya ce ai shi ya sa, ba wanda zai zargi jarkar zamzam. Duk da haka abin ya tsaya masa a rai, har ya je ya tambayi limamin masallacin unguwarmu ko ya halatta mota ta sha. Ya dawo ya ba ni rabin fatawar: mota ba ta da hisabi. Matar liman ce ta cika mini sauran rabin a wajen suna. Liman ya ce mota ba ta da hisabi, amma askar ɗin da ke tsare hanya bai karanta wannan babin ba, kuma in ya buɗe but ya shaƙi warin nan, ba Barazil zai tuna ba.

Da farko kaɗan yake zubawa. Ya sha koren fetur a gidan mai, ya dawo bayan gidanmu ya ƙara ɗan sibirto da mazurarin da nake zuba man gyaɗa da shi. Motar ba ta ce komai ba. Wannan shirun nata shi ya cuce mu. Da ta yi tari tun ranar farko, da yanzu ina da miji. Sai ma ta yi kamar ta ji daɗi, Malam ya rantse ta ƙara gudu, ya fara kiran kansa injiniya. Ni ma na kama kiransa haka, kowa da abin da yake nufi.

Wata rana ina tsince shinkafa na ce, “Injiniya, gwiwar nan ta yi sauƙi. Ko da safe kawai in riƙa fita, kafin rana ta yi zafi.”

Ya tashi ya ɗauki mazurari. Ranar jarka guda ya juye.

Ban lura ba a lokacin, sai daga baya na jera abin a kaina. Duk ranar da na ambaci Bab Makka, sibirto yana ƙaruwa a tanki. Daga ɗanɗano ya zama rubu'i, daga rubu'i ya zama rabi. A ƙarshe fetur ya koma kamar gishiri a miya, a barbaɗa don kar a ce ba a sa ba. Ni ina tsammanin taimako nake miƙawa, ashe ni ce nake riƙe da mazurarin.

Motar ta fara nuna halin mashaya. Da safe ba ta tashi sai an yi ta lallashi, musamman 'yan kwanakin nan da Jidda ke ara wa kanta sanyi. In ta tashi sai ta yi ta karkarwa. A gaban danja ta mutu, a kan gada ta yi shaƙuwa. Ga ci. Tankin da yake kai shi kwana uku ya koma kwana biyu, kamar wadda ake yi wa wasoso a ciki. Wata fitila ta kunna kanta a gaban sitiyari, Malam ya liƙa mata hoton Ka'aba, ta daina damunsa. Sannan wari, wani zaƙi-zaƙi kamar rake ya kwana a rana. Ya sayo turaren wuta yana banka wa kujeru kowace safiya. Wani dattijo da ya ɗauka ya shaƙa, ya sake shaƙa, ya ce, “Ya Hajji, wannan turaren naka daga asibiti aka haɗo shi?” Malam ya ce sabon yayi ne.

Ranar da zai kai ni a duba gwiwata, ta mutu mana sau huɗu kafin mu fita Khumra. Dole ya karkata warsha, wurin bakanikensa, wani mutumin Chadi dogo wanda ba ya dariya sai da dalili. Ina zaune a kan benci ina kallo. Ya buɗe gaban motar, ya sunkuya, ya ɗago da sauri.

“Baba, me kake ba ta?”

“Fetur.”

“Da me?”

“Da ɗan taimako.”

Ya zaro wata robar da mai ke bi ta ciki, ya matsa ta da yatsa biyu. Ta lotse kamar taliyar da ta wuce dahuwa. Ya shiga ƙarƙashi ya tsiyayo abin da ke gindin tanki a kwalba, ya ɗaga wa rana. Kashi biyu ya rabu, sama kore-kore, ƙasa ruwa-ruwa mai jan tsatsa, kamar miyar da mai ya taso mata.

“Ka ga wannan na ƙasa? Ruwa ne. Sibirto yana jan ruwa daga iska, iskar Jidda kuwa rabinta teku ce. Shi famfonka yake tsotsa. Ya ci roba, ya kankaro dattin shekara ashirin daga tanki ya tura wa inji. Kuma ba shi da ƙarfin fetur, shi ya sa take shan da yawa.”

Malam ya zaro waya. “Mutanen Barazil fa?”

“Motarsu an ƙera ta don haka tun daga kamfani. Robarta daban, famfonta daban, ƙwaƙwalwarta ta san abin da aka zuba mata. Taka an haife ta a kan fetur, ta tsufa a kan fetur. Kai yanzu in aka ce ka bar tuwo ka koma cin rake, kwana nawa za ka yi?”

“Kai dai canja robar.”

“Zan canja. Ɗan kaɗan da ta jure, kashi ɗaya cikin goma, wasu ƙasashe haka suke sayarwa. Amma wannan ba gauraye ba ne, Baba, wanka ne.” Ya juyo gare ni. “Inna, ki yi masa magana.”

Na ce, “Ɗana, shekara arba'in ina yi masa magana. Kai ka ga alama?”

Ranar ya yi dariya.

A hanyar gida na yi maganar. Na ce a bar sibirton nan, a koma fetur, in bai isa ba ni in cike da gyaɗa, ba yau na fara ba. Na ce in tire ne matsala, tire ba ya wuya a Bab Makka. Malam ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon gaba. Can ya ce, “Kin ji ƙarar da gwiwarki ta yi ranar nan?”

“Ni na ji, ai kai ba ka wurin.”

“Ni kullum nake jin ta.”

Washegari na ji shi a bayan gidanmu, mazurari yana ƙwal-ƙwal.

To ga inda tambayata take. Mutumin nan ya ga robar, ya ga kwalbar da idonsa. Ya yi shekara talatin yana tuƙi, yana gane ciwon mota daga tarinta. Ko ya yarda Barazil ta fi bakanike gaskiya? Ko kuwa ya san kwananta ya kusa ƙarewa, ya ce bari ya ja ta iya inda za ta kai, kowace rana ɗaya da ta ƙara rana ce da ban zauna a titi ba? Na kan juya shi ta nan, in juya ta can. Wani lokaci ina jin haushinsa har in fasa yi masa addu'a sai bayan la'asar.

Motar ta kai shi wata biyar bayan nan. A tsakiyar zafi ne, irin ranar da riga ke liƙe wa mutum tun kafin ya fita ƙofa. Bayan azahar ya je wurin mai gadi ya cika jarkoki shida, ya jera a but. Yana dawowa ta titin rumbuna, motar ta yi shaƙuwa ɗaya ta yi shiru. Can gaba kaɗan askar sun tare hanya suna duba takardu.

Wani zai kira motar janwe ya zauna a inuwa. Mai jarka shida na sibirto a but, a ƙasar da ake kulle mutum a kan kwalba ɗaya, ba ya kiran kowa. Ya buɗe gaba, ya tarar wata robar ta tsage tana feshi, ya kama ta da hannu yana ɗaurewa da leda, abin ya jiƙe shi daga ƙirji har gwiwa. Ba ta tashi ba. Wasu ma'aikata biyu suka tsaya za su taya shi turi, ya kore su don kar su ji warin. Ya tura ta shi kaɗai, hannu ɗaya a sitiyari, kafaɗa a jikin ƙofa, ya karkata da ita lungu, ya bi ta bayan rumbuna har warsha. Na taɓa bin hanyar daga baya da ƙafa don in gani. Na huta sau uku, kuma ba na tura komai.

Bakaniken ya same shi zaune a ƙasa ya jingina da taya, leɓɓansa sun yi fari. Ya ce asibiti. Malam ya ce gida. Ya kawo mini shi a motarsa, muka kwantar da shi, na ga yana dafe ƙirji, ni ma na ce asibiti.

“Da wannan warin? In ce musu me? Alhaji mai furfura, liman yana ba ni sahun gaba.”

“Ka ce musu kai injiniya ne.”

Ya yi murmushi, ya rufe ido. Na cire masa rigar, na goge shi da ruwa da sabulu har sau uku, warin yana nan a hancinsa ko da ya bar jikinsa. Ya ce a bari sai gobe in warin ya gama fita. Na biye masa. Wannan kuma nawa laifin ne, kuma ba na bukatar kowa ya tuna mini.

Bai ga jibi ba. Aka yi masa sutura, liman ya yi masa salla, ya faɗi alheri a kansa, bai ambaci fatawa ba. Bakaniken ya zubar da jarkokin tun ranar. Motar tana nan a bayan warsha har yau, kafili ya ce ba ya so, maguna suna haihuwa a kujerar baya. Ita ma dai ta samu zuri'a a ƙarshe, abin da mu ba mu samu ba.

Bayan takaba na koma Bab Makka. Wurina wata ta gaje shi, na matsa gaba kusa da masu yadi. Yanzu in an ce ga baladiyya ba na gudu, ba jarumta ba ce, gwiwar ce ta ƙi. Wani lokaci su kwashe, wani lokaci su dubi furfurata su wuce. Tiren da nake talla da shi tsohon nawa ne, mai lotsawa biyu. Na wanke shi da toka, na wanke da lemun tsami, har yau in rana ta buga shi ina jin zaƙi-zaƙin nan. Masu saye ba sa ji. Ɗiyar ƙanwata ta ce hancina ne.

Malam ne ya gaya mini inda tiren yake. Washegarin turin ne, bayan la'asar, ina zaune a gefensa ina yi masa fifita, ina cewa ai warin ya fita, sai mu tafi. Ya tambaya ko bakanike ya ce wani abu a kan motar. Na so in yi masa ƙarya, amma mutumin da ya sha ƙaryar mai farin haƙori wata tara bai kamata a ƙara masa da tawa ba. Na ce famfo ya mutu, tanki ya huje, injin ma ba tabbas. Sannan ya laluba ya kama hannuna, wanda ke riƙe da mafici, ya tsayar da shi.

“Hajiya, tirenki yana but, a ƙarƙashin safayar taya. Ni na ɗauka. Ki sa a ciro miki, kuma ki riƙa zama ta ɓangaren inuwa.”